Tukunyar Tabitha

Litinin, 4 ga Maris, 2024

Shekarar da motoci suka koma hannun dama na fara zuba tukwane a Sabon Gari, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da tukunya. Yau ga jikata Jemimah, mai karatun sinadarai a Samaru, ta tsaya a kaina wai dalmar da nake ɗan jefawa cikin narkakken sanholo guba ce. Haka maigidan da na yi koyon sana'a a wurinsa ya koya min: dalma ke ba tukunya nauyi, mace kuwa sai ta ɗaga tukunya take tayawa. Na ce, “Amarya, zugazugina ma ya girme ki.” Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Jikata Lovelyn, 'yar Japheth autana, ta sake kwana da ciwon ciki. Shekararta uku. Ta daina kirana Kaka, sai kallo.

Asabar, 9 ga Maris

Jemimah ta zo da ɗan sikeli. Ta ɗora guntun dalma, ta ɗora guntun sanholo mai girmansa, wai na farkon ya ninka nauyi wajen sau huɗu. Na ce hannuna ya san wannan tun ba a haifi ubanta ba.

“Tsoho, hannunka ya san kilo. Ya san miligiram?”

Wai a raba giram gida dubu, a ɗauki ɗaya. Wai ko wannan ya yi wa jinin yaro yawa. Abin da ko ƙuda ba zai sauka a kai ba! Kuma wai tsami na lasar ƙarfe a hankali, yana kwasowa ya zuba cikin abinci. Sai ta tambaya a wace tukunya ake dama wa Lovelyn kunun tsamiya.

A ta Tabitha. Ni na zuba mata ita da za mu yi aure, na kuma ƙara dalma don ta fi ta kowace amarya nauyi a unguwa. Tun da Tabitha ta rasu na kafa doka, a cikinta za a riƙa dama wa jikokinta. Jemimah ta kankari gefenta da zarto, ta ƙunshe garin a takarda. Na bari don kada a ce tsoro na ji.

Laraba, 13 ga Maris

Jijjiga. An tafi da Lovelyn asibiti.

Juma'a, 15 ga Maris

Japheth ya dawo ɗaukar kaya, bai zauna ba. “Baba, an sami dalma a jininta. A garin tukunyar ma an samu.” Ya faɗi wata lamba, ban riƙe ba. Likita ya ce idan ta koma wa abincin tukunyar, maganin banza ne. Na ce Tabitha ta yi rayuwarta tana ci a ciki. Ya ce, “Ciwon kan Mama fa? Da mantuwarta?” Ya fita bai ja ƙofa ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Ban ji wa'azi ba. Ina zaune a coci ina lissafa waɗanda muka yi zubi tare. Mordecai, da hannunsa ya saki har cokali ya gagare shi, muka ce sammu ne. Ayodele na Dogarawa da ciwon cikinsa, muka ce burkutu ce. Ni kaɗai na rage mai tuna sunayensu.

Jemimah ta aiko, wai Lovelyn ta sha ruwa, ta tambaya ina Kaka.

Ban ce na yarda da miligiram ɗinsu ba. Tukunyar ce dama ta tsufa. Gobe da safe zan kifa ta, in sa kurfi in huda gindinta yadda ko ruwa ba za ta riƙe ba. Guntayen dalmar kuma in kai wa Jemimah Samaru, ta san inda ake zubarwa. Daga can in wuce asibiti.