Sandunan Tantin Saturnino

Kusko, ƙarshen damina

Zuwa ga Komadre Nemesia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarin haƙurinmu? Yaya kasuwar cuku, yaya kuma 'yata ta baftisma Ubaldina, 'yar taki da ta sa muka zama Komadre da Kompadre, da yaranta? Allah ya jiƙan mijinki, Kompadre Saturnino, ya sa ya huta. Har yau in aka buga ƙofar shagona da ƙarfi sai in ɗaga kai, ina zaton shi ne.

Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba, na san ba ki so. Idona yana tafiya. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa, kuma da wuya in kai baɗi ina bambance hanya da rami. Na fara mayar wa mutane agogunansu ban gyara ba.

Abu ɗaya ya rage mini a rai. Ina so in sake taka doguwar hanyarmu, daga Tinki a zagaye dutsen Awsangate a gangaro har Pitumarka, wadda ni da mijinki muka yi ta bi kowane rani tun muna da baƙin gashi. Ina so in gan ta da ɗan sauran idon nan.

Kin san tsarinmu: tanti ɗaya, an raba shi biyu. Zanen a wurina, sandunan a wurinsa. Shi ya kafa dokar, wai don kada wani ya yi fushi a kan dutse ya tafi ya bar ɗan'uwansa, tunda rabin tanti ba ya kwanar da kowa. In ba a ƙone su tare da kayansa ba ranar wankin tufafin mamaci, ina roƙon ki ba direban bas ɗin Laraba ya kawo mini. Abokin tafiya kuwa ina nan ina nema, har takarda na manna a ƙofar shago.

Ki huta lafiya.
Naki cikin girmamawa,
Fortunato

Sikuwani

Kompadre,

Na ga takardarka. Muna lafiya, Ubaldina tana gaishe ka. Maganar ido ta tayar mini da hankali ƙwarai, har na kunna maka kyandir a coci. Allah ya kawo sauƙi.

To amma sanduna, a'a.

Ba a ƙone su ba. Ranar da muka kai kayansa bakin kogi, ƙanwarsa ta ɗauko su za ta jefa a wuta, na ce ajiye, rabin abin nan na wani ne. Suna ƙarƙashin gadona. Sai dai kai da bakinka ka faɗi dokar: sanduna a hannun abokin tafiya suke, ba a hannun mai zane ba. In na aiko maka su ka haɗa tanti cikakke kai kaɗai, me zai hana ka saɓa jaka ka tafi? Na san ka, Kompadre. Kana magana kamar limamin coci, amma taurin kanka ya fi na jaki.

Ka samo mutum. Ka turo shi nan Sikuwani in kalle shi ido da ido, in ga ƙafafunsa, in ji yadda yake magana. In ya yi mini, a hannunsa zan sa su. Kuma ka gaya masa gaskiyar idonka, kada ka ɓoye.

Ka riƙa cin abinci. An ce mini ka rame.

Komadrenka,
Nemesia

Kusko, farkon rani

Komadre mai daraja,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na gode da kyandir, na kuma gode da jakin.

Na bi umarninki, ina gaya wa kowa gaskiya, kuma gaskiyar ce take korar su. Mai kantin magani na kusa da ni ya yi ta cika baki, wai shi hawan dutse a jininsa yake. Da na ambaci ido sai ya tuna gwiwarsa tana ciwo. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, me ka ajiye a can da za ka je ɗaukowa? Zauna mana ka ji rediyo."

Sai wani malamin makaranta, Wilber, mai dogayen ƙafafu. Ya karanta takardar ya shigo, ya ce ba komai, shi zai zame mini ido. Raina ya yi fari. Muka fita gwaji ranar Lahadi a tsaunukan bayan gari.

Komadre, mutumin nan ba tafiya yake ba, tsere yake da agogonsa. Kuma rigarsa ruwan toka ce. Nan na gano abin da ban gaya wa likita ba, don ni ma ban sani ba: baƙi da toka da ruwan ƙasa duk sun zama abu ɗaya a idona. Da ya ba ni 'yar tazara sai dutse ya haɗiye shi. Ashe duk shekarun baya-bayan nan ba hanya nake gani ba, jar jakar Saturnino nake bi. Mai sanduna shi ke gaba, ni a baya, in dai jan nan yana motsi ina sa ƙafa inda ya sa. Ja kaɗai nake hangowa daga nesa.

Na yi kira, iska ta kwashe muryar. Na taka abin da na zaci inuwa ce, ashe gangare ne. Ban karye ba, gwiwa ce ta daku, goshi ya fashe. Wata mai kiwon tumaki ce ta same ni zaune, ta ce, "Baba, wa ya kawo ka nan ya yar?" Ta miƙo mini bakin mayafinta na riƙe har bakin titi, kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Wilber ya zo da yamma yana ta ba da haƙuri. Ya ce, "Malam Fortunato, ni fa na zaci kana bayana." Na ce ai ina bayanka, nesa dai. Ba zan turo miki shi ba.

Ki gaishe da Ubaldina, kada ki gaya mata maganar goshin.

Naki,
Fortunato

Sikuwani

Kompadre Fortunato,

Gaisuwa. Ubaldina ce ta karanta mini takardar don tabarauna ya ɓata, saboda haka ta ji maganar goshin, ta kuma yi kuka.

Yanzu ka saurare ni. Ka haƙura da tafiyar nan! Haba, sai an ɗauko gawarka a kan doki za ka yarda?

Bari in faɗa maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ni a can sama aka haife ni. Tun ban fi tsayin ɗan alfaka ba, dabbar nan mai kama da tunkiya mai dogon wuya, nake bin garke a cikin sanyin nan, ƙafa duk faso, abinci busasshen dankali safe da yamma. Ƙanena a can sanyi ya kama masa ƙirji, kafin a sauko da shi ya cika. Ranar da na baro wurin na rantse ba zan koma ba. Sai ga ni na auri mutumin da kowane rani zai ɗauki jaka ya tafi shan wahalar da na gudo wa, wai don nishaɗi. Ku mutanen gari kuna da abin mamaki.

Kuma in ya dawo, me yake kawo mini? Tufafi masu warin hayaƙi da shiru. In ce yaya hanya, ya ce lafiya. Kai kake ba da labarin wai yana waƙa a can, yana ba da dariya har ka riƙe ciki. Ni ban san wannan mutumin ba. Kai ka samu mai waƙar, ni na samu mai tari da neman abinci. Ina jin haushinka a kan wannan, Kompadre, gara ka sani.

Jar jakar tasa an ƙone ta a bakin kogi. Sanduna kuma suna inda suke.

Allah ya ba ka lafiya, ya kuma ba ka hankali.

Nemesia

Kusko, tsakiyar rani

Komadre,

Ina gaishe ki da girmamawa kamar kullum. Ki yi haƙuri da girman rubutun, yanzu sai haka nake ganin abin da hannuna yake yi.

Maganarki ta zauna mini a ƙirji. Ban san da ƙanenki ba, Allah ya jiƙansa. Haushin kuma kin fi ni gaskiya, ba ni da abin cewa.

Na cire takardar daga ƙofar shago. Ba wanda zai zo, kuma rani yana wucewa. Na sa an saro mini rassan itacen turare, na gwada kafa zanen da su a tsakar gida. Ya tsaya, a karkace dai, amma ya tsaya. Ranar Asabar ta sama zan hau motar Tinki. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, don dai kada ki ji a bakin wani. Tsoro kam ina ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zama a shagon nan ina sauraron agogunan da ba na gani, ina jiran duhu ya gama rufewa, ya fi ba ni tsoro.

Akwai abin da ya kamata ki sani, ko da ban dawo da bakin faɗa ba. Kin san tulin duwatsun da ke kan kowace mashigar tsauni, inda matafiyi yake ɗora dutsen da ya ɗauko daga ƙasa, ya ajiye ganyen koka, wanda muke taunawa don gajiya, ya roƙi sa'a. Kowa ɗaya yake ɗorawa. Mijinki biyu yake hawa da su. Na biyun fari yake zaɓa, ya daɗe yana tona bakin rafi kafin ya samu wanda ya yi masa, ni ina tsaye sanyi yana cina. Ya ajiye shi gefe guda, ɓangaren da rana take fitowa. Na taɓa ce masa, "Kai, wannan na wa?" Ya ce, "Na Nemesia. Ta ce ba za ta sake hawowa ba, to kada dutsen ya manta da ita." Na ce ka gaya mata mana. Ya ce, "Rufa mini asiri, ta ji ai sai ta ce na haukace."

Waƙoƙin ma, in kin bibiya, rabinsu sunanki ne a ciki, sai dai muryar ba daɗi.

Ina so in taɓa fararen duwatsun nan da hannuna in gaishe su a madadinsa. In na iya kaiwa.

Ki yafe mini duk abin da na yi miki. Ki sa wa Ubaldina albarka a madadina.

Kompadrenki har kullum,
Fortunato

Sikuwani, Laraba

Kompadre,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira.

Ka zubar da rassan nan, ko ka ba maƙwabta su hura wuta. Na jawo sandunan daga ƙarƙashin gado. Ɗaya ta lanƙwashe, ya ɗaure ta da waya irin ɗaurinsa na ganganci. Na riƙe ta na yi kukan da ban yi ba ranar binne shi.

Ba zan aiko su ba, ni da kaina zan zo da su. Ranar Asabar ka sauka a Tinki ka tsaya inda motar ta ajiye ka, kada ka motsa ko nan da can. Busasshen dankali da cuku ni zan kawo, kai ka zo da risho. Ba na gudu, ba na waƙa, kuma in na ce a juya, an juya. In kuwa na hau na tarar babu farin dutse ko ɗaya, ƙarya ka shirya mini, a can zan bar ka da tsumman tantinka.

Shekarar makoki ba ta cika ba, sai bayan rani. Ubaldina ta ce in na cire baƙi yanzu na bi namiji kan dutse, ba za ta iya ɗaga kai a kasuwa ba. Tun jiya ba ta yi mini magana ba, kuma abin yana cina. Ban san ko za ta yafe mini ba.

Na ciro jan mayafina daga akwati, yana kan igiya yana shan iska.

Ka duba ja.

Nemesia