Bulon Ɗakin Inna

Damagaram, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Alkasum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya a Agadas. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi. Inna da sauƙi, sai ciwon ƙafar nan, kuma kullum zancenta ɗakin da kake gina mata.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san wuyar ruwan da muke sha bana, famfo sai ya kwana huɗu ko ɗigo babu. To, bulon siminti in an buga, sai an yi mako ana ba shi ruwa safe da yamma kafin ya yi ƙarfi. Namu wallahi ban ga an jiƙa shi ko sau uku ba. Jiya na kai wa ma'aikata fura, na dafa bango zan gyara takalmi, sai gefen bulo ya marmashe a tafina kamar gari. Innalillahi!

Na san ka ce Baba Yakuba magini uba ne a wurinmu, shi ya gina gidan marigayi mahaifinmu, kada a sa masa ido. Ni ban ce ya ci amana ba. Amma ganinsa ya yi rauni, a inuwa yake wuni, abokin aikinsa Mansur ne ke tafiyar da komai. Na durƙusa na yi masa maganar a hankali, sai ya ce Mansur ya tabbatar masa an ba bulo ruwa, kuma shekara ashirin bai taɓa bin diddigin maganar Mansur ba, ba yau zai fara ba. Ya ce in kai ma ka soma shakkarsa, a faɗa masa ya kwashe kayan aikinsa. Kunya ta rufe ni, na tashi na ba shi wuri.

Ran Asabar za su zuba dal, wato rufin siminti, a kan wannan bangon. A ƙarƙashinsa Inna za ta riƙa kwana. Ni ba a jin tawa, maganarka kaɗai za ta tsayar da aikin.

Inna da Hajara da Garba suna gaishe ka, ka gaishe mini da Anti Zahra'u.

Ban faɗa maka a waya ba don na san za ka ce tsorona ya yi yawa. Ga ɓarin bulon nan na ƙulle a leda, Adamu direba zai ba ka tare da takardar. Don Allah murza shi da yatsa biyu, sannan ka kira Baba Yakuba kafin Asabar.

Ƙanwarka,
Wasila