Ƙwan da Hanya Ba Ta Fasa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Yau mun yi taro a rumfar Shugaba, mu biyar masu sayar da ƙwai a layinmu. Tun da aka buɗe sabuwar gonar kaji a bayan gari ƙwai ya cika kasuwa, masu saye kuwa su ne dai na jiya, ba su ƙaru ba. Shugaba ya ce idan kowa ya fara rage farashi, ƙarshenta kyauta za mu riƙa bayarwa har da leda. Don haka farashi ɗaya, kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Wanda ya karya, a cire shi daga motar da muke haɗa kuɗi tana ɗauko mana kaya daga gona. Ni kaɗai kuwa ina na ga ƙarfin ɗaukar hayar mota.

Tsagaggen ƙwai ne kawai ba a sa wa doka ba. Wannan kowa ya sayar yadda ya ga dama, tunda ba ya kwana.

Na ɗaga hannuna da zuciya ɗaya. Na rubuta nan don in tuna.

Laraba, 5 ga Maris

Kiret-kiret a jere suna kallona, ina kallonsu. Mutum ya zo, ya taya, ya ji farashi, ya wuce rumfa ta gaba ya ji irinsa, ya tafi ya sayi kifi.

Da rana Mai Kek ta zo, matar nan mai gasa kek ana kai wa shaguna. Ta roƙi ragi, na ce bakina a ɗaure yake. Sai ta kwashe 'yan tsagaggun da ke cikin roba. Tana tafiya ta ce, "In kin samu irin waɗannan da yawa ki ajiye mini. Ni da ma fasawa zan yi."

Alhamis, 6 ga Maris

Ban yi komai ba. Tunani kawai na yi.

Asabar, 8 ga Maris

Da bayan ƙaramin cokalin shayi ake buga ƙwan. Ƙwas, sau ɗaya, a hankali, ba ya ko zuba. Na ja labulen bayan rumfa na yi wa kiret biyu. Mai Kek ta kwashe duka, baki har kunne. Ko a farashin tsagagge da 'yar ribata a ciki, kuma ta fi ribar ƙwan da zai zauna ya ruɓe.

Alkawari dai ban karya ba. Cewa aka yi tsagagge a sayar yadda aka so. Ba wanda ya ce sai hanya ce ta tsaga shi.

To me ya sa na wanke cokalin har sau biyu?

Talata, 11 ga Maris

Mai Kek ta kawo ƙawarta mai sayar da abinci. Kasuwa ta buɗe mini, har na sayi takalmin da 'yata Auta ta daɗe tana naci.

Auta tana shirin jarrabawa, ta ishe ni da haddar darasin tattalin arziki da ƙarfi kamar mai talla. Wai idan kaya suka yi yawa masu saye suka yi kaɗan, farashi sauka yake so ya yi, ko an hana shi sai ya nemi ƙofa. Na ce, ke dai yi karatunki a zuci, kaina na ciwo. Ta ce, "Umma, ai sana'arki ce a littafin nan." Na ce sana'ata ta girmi littafinki.

Ƙofar dai ni ce. Ban faɗa mata ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Rediyo, maƙwabciyar rumfata, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, ta leƙo ta ga roba cike. Ta ce, "Yaya, ke kuma naki ƙwan dambe suke yi a hanya?" Na ce, haka suke iso mini, ki tambayi hanya.

Hanya na ce. Ban ambaci sunan kowa ba. Allah ya sani ban ambata ba.

Litinin, 17 ga Maris

Ashe in ka ce hanya, direba ka ce.

Baba Hawainiya ke ɗauko mana ƙwai tun kafin in samu rumfa. Saboda tafiyarsa aka sa masa sunan, keke ma wuce shi yake yi. In ya ga rami sai ya kusan tsayawa ya gaishe shi. Shi ya fara nuna mini yadda ake jera kiret lokacin da mahaifin Auta ya rasu na shigo kasuwa ban san komai ba. Bai taɓa kirana da komai ba sai "'yata".

Yau Shugaba ya tsayar da shi a tsakiyar layi, gaban mutane. Rediyo ta riga ta kai labari. Tsohon ya tsaya da makullin mota a hannu yana jujjuya shi. Ya ce shi dai bai ji ya faɗa wani rami ba, amma tunda an gani, an gani, a yi haƙuri. Shugaba ya ce zuwa ƙarshen wata in ba a ga canji ba za a nemi wani.

Ni ina tsaye ina goge kiret da ba shi da datti.

Alhamis, 20 ga Maris

Ya zo da soso shimfiɗe a bayan mota. Na duba da kyau, katifa ce aka yanka, da sauran yadinta mai furanni a jiki. Nawa kiret ɗin kuwa a kujerar gaba ya ɗora su, kusa da shi, ya ɗaure da bel kamar jariri.

"'Yata, duba mini. Ɗaya bayan ɗaya, kar ki ji nauyina."

Na duba. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to madalla.

Da la'asar Mai Kek ta zo da manyan robobi biyu. Na ja labule.

Kaɗan na yi. Bai kai na ranar Talata ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na daina. Na ce wa Mai Kek yau babu. Ta yi mini kallon hadarin kaji ta tafi.

Litinin, 24 ga Maris

Zafi. Na zubar da kusan rabin kiret a kwata, warin har rumfar mai albasa. Ƙwai ba shinkafa ba ne da za ka rufe a buhu ka jira farashi ya dawo.

Na koma wa cokali.

Laraba, 26 ga Maris

Yanzu Baba ya ƙara rage gudu, in har abin da yake yi a da gudu ne. Yau sai da rana ta take ya iso, masu sayen safe duk sun watse. Layi ya ɗauki surutu a kansa. Ya sauke kaya ya tafi.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Ina zaune bayan azahar sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga bayan buhun da ya raba rumfata da ta Rediyo. Na san sautin nan kamar muryar 'yata. Can ta fito da roba cike, ta kalle ni ido cikin ido ta ce, "Yaya, ni ma hanyar ta fara taɓa ni."

Mai Kek a wurinta ta saya. Ta fi ni sauƙin farashi.

Juma'a, 28 ga Maris

Yanzu kowace rumfa da robar tsagagge a gaba. Har ta Shugaba. Shi nasa ma bai iya ba, yana bugawa da ƙarfi, gwaiduwa duk ta ɓata kiret.

Kowa ya sani. Kowa ya san kowa ya sani. Amma allon farashi na nan a rataye yadda muka rubuta shi, kuma in an haɗu sai a girgiza kai a ce, kai, tsufa ya kama Baba.

Masu saye ma sun gane, ba mai tambayar lafiyayye. Na rage farashin tsagagge, Rediyo ta rage ƙasa da nawa, na sake ragewa. Ribar da na yi wa wannan abin duka ta zama ƙanƙanuwa.

Auta ta kawo mini abinci ta tsaya tana kallon layin. A hanyar gida ta ce, "Umma, tunda kowa a farashin tsagagge yake saye, ai shi ne farashin. Me ya sa ba za ku sayar da shi lafiyayye a hakan ba, a huta?" Na ce ba ki san kasuwa ba. Ta ce malaminsu ya ce in mutum biyu suka yi ciniki suka ji daɗi, a duba ko akwai na uku da ya biya bai sani ba. Na daka mata tsawa a kan ta bar kwano a rumfa. Kwanon kuwa yana hannuna.

Litinin, 31 ga Maris

An sallame shi.

Shugaba ya ce wanda ya yarda a canza direba ya ɗaga hannu. Huɗu suka tashi. Nawa na kai shi wajen kunne kamar ina susa. An ƙirga da shi.

Da na ce ya yi faɗa, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya bi rumfa rumfa yana sallama. Da ya iso tawa ya ce, "'Yata, ke na fi cuta, naki aka fara. Ki yafe mini." Ya ce ya daɗe yana zargin idonsa, yanzu ya tabbata. Wai mutumin da ƙwai ke fashewa a hannunsa bai ji ba, gobe ɗan wani zai taka bai gani ba. Zai sa motar a kasuwa.

Motar da yake ci da iyalinsa da ita. Idon da ba abin da ya same shi.

Na ce, Allah ya sa hakan ya fi alheri, Baba. Da bakina na faɗi wannan.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sabon direba ya iso tun kafin mu gama shara, kiɗa na tashi a motar. Kiret na ƙasa duk sun jiƙe, ƙwai ya fashe na gaske, wanda ko Mai Kek ba za ta karɓa ba. Ba wanda ya yi magana. Wa ke da bakin yi?

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na ga motar Baba a bakin titi wajen masu gyara, an manna mata takardar sayarwa a gilashi. Soson na nan a baya. Na canza hanya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na goge allona na rubuta sabon farashi. Lafiyayyen ƙwai, a kuɗin da kowa ke sayar da tsagagge. Na rataye shi a waje inda makaho ma zai shafa.

Kafin azahar Shugaba ya zo yana huci, wai na ci amanar layi, daga yau babu ni a mota. Na ce to. Rediyo ta ce da ma ta san za a rina. Kafin la'asar kayana sun ƙare, ban ja labule ko sau ɗaya ba.

Lissafi ne kawai. Lafiyayye yana kwana, tsagagge ba ya kwana. Ba wani abu ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Dole in samu mota, shi ya sa na je gidan Baba jiya. Shi ne mafi kusa, kuma ya san gonar. Hayar ni kaɗai za ta cinye kusan duk ribar, amma Mai Kek ta ce za ta shiga da tata odar, mu raba. Ya ƙi da farko, wai zai yi mini asara. Matarsa ce ta ce ya gwada sau ɗaya. Ta ƙofar ɗakin na hango gadonsu, rabin katifa, rabin tabarma a kan katako.

Yau ya kawo. Na ce ya duba da kansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a rana. Babu tsagagge ko ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, "Yau hanya ta yi mana kirki."

Ba wai na shirya ba ne. Cokalin yana aljihun zanen aikina, da ma gida zan mayar da shi. Na ɗauki ƙwai ɗaya daga kiret ɗin da ya gama dubawa, na juya bayan cokalin. Ƙwas. Na ajiye masa a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallon tsagar. Ya ɗaga kai ya bi layin da ido, robobin nan a gaban kowace rumfa. Sannan ya dawo kaina. Na so ƙasa ta buɗe.

Abin da ya ce kawai, "Katifata fa na yanka."

Ya ajiye ƙwan a kan teburina a hankali, kamar lafiyayye. Ya je ya ɓare takardar nan daga gilashin motar, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na bi shi na ce, Baba, jibi fa?

Ya tada mota. Bai kalle ni ba.

"Sai jibi, mai ƙwai."