Maigidana Ya Taɓa Kwamfutata, Zanen Surfanina Sun Ɓace

Anti mai wannan fili, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san rigimar gida aka fi kawo miki, amma na taɓa karantawa kin ce a shagon kwamfuta kika yi aiki kafin ki kama alƙalami. To, tawa matsalar ta haɗa biyun, ban ma san wacce ta fi hana ni sukuni ba.

Ni mai surfani ce. Ina da ɗan shago a bakin titi da keken surfani irin na kwamfuta, wanda ake zana aiki a kwamfuta, a ɗauka a filash a saka masa, shi kuma ya ɗinka a jikin yadi. Mutane gani suke keken ne yake yin komai. Ina! Kowane fure, kowane ganye, ni nake zama in zana, in nuna wa keken inda allura za ta shiga, inda za ta fito, da inda zai canza zare. Tun babbar 'yata tana goye nake tara zanen nan, yanzu ga ta a sakandare. Ban taɓa sayen zanen kowa ba, shi ya sa ake tsallake shaguna a zo wajena.

Bara idona ya fara ba ni wahala. Likita ya ce ba zai koma yadda yake ba, in rage ƙura wa kwamfuta ido in ina son in ci moriyar abin da ya rage. Don haka na daina sabon zane, sai dai in ɗan gyara tsoho. Da tsofaffin nan nake rufa wa kaina asiri.

Maigidana malamin makaranta ne. Tun ranar da ya gyara wa maƙwabcinmu fanka 'yan layinmu suke ce masa Injiniya, shi kuma ya riƙe sunan hannu bibbiyu. Babu abin da bai kwance ba a gidan nan, daga agogon bango har dutsen guga. Wasu su tashi, wasu kuma sai dai haƙuri. Ranar da na koma ganin likitan ido, sai ya ɗauko kwamfutata wai zai sa mata sabuwar babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, don ya ji an ce a cikinta ana iya ƙara girman rubutu da komai. Wai ba-zata yake son yi mini. Ai kuwa ya yi.

Ina da faifan ajiya na waje, ɗan baƙin abu kamar tafin hannu, da ake jona wa kwamfuta da 'yar igiya. Tsofaffin zanena suna cikinsa, na baya-bayan nan suna kwamfuta. Kafin ya fara, wai don kada su salwanta, sai ya kwashe na kwamfutar duka ya zuba a faifan. Kwashewa fa, Anti, ba kwafi ba. Sannan ya bar shi a jone ya kama aikinsa. Da aka zo inda ake jero wa mutum faifai ya zaɓi wanda za a zuba manhajar, sai ya ga layuka da yawa, ya goge wasu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Na dawo da magani a ido ina gani dishi-dishi, na tarar da shi a falo gaban kwamfutar da ta ƙi tashi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Washegari muka kai wa wani mai gyara. Ya cire faifan ya ajiye gefe, ya sake zuba manhajar, kwamfuta ta tashi garau. Amma da aka jona faifan, shiru. Fitilarsa tana kawowa, in ka ɗora hannu kana jin yana ɗan motsi, amma bai fito ba sam. Mai gyaran ya buɗe wani shafi ya nuna mini dogon layi, ya ce kwamfutar tana ganinsa, sai dai a matsayin wanda babu komai a ciki. Ya ce in bari ya yi masa fomat, wato ya share shi tas ya shirya shi sabo, yanzu zai dawo aiki. Na ce zanena fa? Sai ya ɗaga kafaɗa. Wallahi ban san lokacin da na fizge abina ba. Na gwada a kwamfutar ƙanwata, nan ma bai fito ba.

Yanzu haka yana cikin gwangwanin zare a ƙasan akwatina, na ɓoye wa Injiniya. Shi kuwa ya duƙufa kallon bidiyo a waya, ya sauke manhajoji kala-kala, kullum roƙona yake in ba shi ya gwada. Ni kuwa ko kusa da akwatin ba na bari hannunsa ya je.

A shago kuma kunya ta ishe ni. Mata su zo da hoton aikin da na yi musu a da, su ce irinsa suke so, in ce keke ne ya samu matsala. Keke lafiyarsa ƙalau, ga shi nan a lulluɓe.

Na tambayi maigidan wane layi ya goge. Yau ya ce na sama, gobe ya ce na ƙasa, jibi ya ce shi bai tabbata ya goge komai ba. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu a gaban yara, har na ce wanda bai iya ba ya zauna da hannunsa. Shi kuma ya ce da na ajiye kwafi a wani wuri da ba a kai ga haka ba. Tun daga nan sai gaisuwa kawai. Yayata ta ce ai zane ne, ba rai ba. Ba ta gane ba. Da idona lafiya ne da na share hawaye na faro daga farko, amma ba ni da idon da zan sake.

Anti, zanena suna nan ko sun tafi? In bar shi ya gwada, ko in koma wa mai fomat? Shi kuma ya zan yi da shi, don in na kalle shi haushi nake ji, in ya juya baya kuma tausayi ya kama ni.

Taki cikin damuwa,
Mai Surfani

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa Mai Surfani. Sannu da wannan tashin hankali. Da farko, fizge faifan nan da kika yi shi ne abu mafi kyau da aka yi a duk labarin. Ki bar shi a gwangwanin zaren tukuna.

Ban ga faifan ba, don haka ba zan yi miki alkawari ba, amma alamun da kika kawo ba su da muni. Fitila tana kawowa, yana motsi, kuma kwamfuta ta gan shi a wancan shafi. Wannan yana nuna da alama faifan bai mutu ba, bayanin da ke gaya wa kwamfuta inda kowane abu yake ne aka goge. Kamar a toshe ƙofar shago ne alhali kaya suna ciki. Abin tsoro shi ne idan manhajar ta fara zuba kanta a kansa kafin a ɗauke wuta, don duk inda aka rubuta sabon abu, tsohon ya tafi. Ko da haka ne, yawanci wani sashe ake rasawa, ba duka ba.

Saboda haka kada a yi masa fomat. Idan kwamfuta ta nemi a shirya shi, ko a gyara shi, ko a raba shi sabo, a ce a'a. Kada a ajiye komai a ciki, ko hoto ɗaya. Ki daina yawon jona shi kwamfuta-kwamfuta, an gwada ya isa. In kuma wata rana aka jona kika ji yana ƙas-ƙas ko yana tsayawa yana tashi, a cire nan take.

Mai gyaran nan ba mugu ba ne, aikinsa ya sa na'ura ta tashi, ke kuma abin da ke ciki kike nema. Ki nemi wanda sana'arsa dawo da bayanan da suka ɓace ce. Kafin ki miƙa masa, ki tambaye shi me zai fara yi. In ya ce zai fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya a wani faifai, a kan kwafin zai yi aiki, kuma abin da ya samo a wani wuri dabam zai zuba, to ya san aikinsa. In ya fara da zancen fomat, ki yi masa sallama. Ki tafi da kwamfutar ma, ki rage amfani da ita kafin nan, wataƙila a tsinci wani abu daga zanen da aka kwashe, ko da yake kada ki sa rai sosai a nan.

Kafin ki je, ki duba filashin da kike kai wa keke aiki da shi, da ƙwaƙwalwar keken kansa, da duk wanda kika taɓa tura wa zane ta waya. Abin da kika samu ki yi masa kwafi biyu yau ɗin nan. Su kuma matan da ke zuwa, ki gaya musu gaskiya cewa ajiyar zanenki ce ta samu matsala, ana kan nema. Ƙaryar keke ba za ta kai ki nesa ba.

Sai batun Injiniya. Ya yi kuskure, ba na ɓoye masa. Ba a taɓa kayan sana'ar mutum ba da saninsa ba, ko da alheri ake nufi, kuma kada ki ba shi faifan ya koyi aiki a kai. Amma ke ma ki karɓi naki. Aikin shekaru irin wannan ba ya zama a wuri ɗaya, maigidanki ya yi gaskiya a nan, lokacin faɗinta ne bai iya zaɓa ba. Kuma ki tuna abin da ya kai hannunsa wurin. Mutumin nan ya ga kina matse ido a gaban kwamfuta ne ya kasa jurewa.

Ga abin da nake so ki lura da shi. Duk duniya shi kaɗai ya ga abin da ya faru a ranar, kuma mai dawo da bayanai zai so ya ji: layuka nawa ya gani, me ya danna, manhajar ta fara zuba ko ba ta fara ba. Amsar nan tana iya rage wahalar aikin. Yana canza magana ne don duk lokacin da kika tambaye shi, hukunci yake ji a muryarki, ba tambaya ba. Mai jin tsoro ba ya tuna komai daidai. Ki same shi ku biyu, ba a gaban yara ba. Ki janye maganar da kika faɗa masa, ki ce taimakonsa kike nema ya tuna a hankali, har da abin da yake jin kunyar faɗa. Sannan ku je wajen mai aikin tare, ya yi bayani da bakinsa.

In zanen sun dawo, alhamdu lillahi, ki ajiye su wuri biyu, ɗaya a gida ɗaya a shago, kuma a cire faifan waje duk ranar da za a taɓa babbar manhaja. In wasu ba su dawo ba, ki yi kukanki, kin cancanta, kada kowa ya ce miki zane ne kawai. Amma aikinki yana nan a wuyan rigunan mutane, ana iya ɗaukar hotonsu a bi sawu. Idonki ne ya gaji, sanin inda allura za ta shiga yana nan a kanki, kuma a gidanki akwai mai lafiyayyen ido da yake neman hanyar da zai gyara ɓarnar da ya yi. Ki zaunar da shi a gaban kwamfutar, ke ki riƙa faɗa, shi yana dannawa, amma a wannan karon sai abin da kika ce.

Allah ya dawo miki da aikinki, ya ƙara wa idonki lafiya, ya sanyaya zukatanku ku biyun.

Antinku