Mu Biyu Ne, Na'urarku Ta Ce Mutum Ɗaya Ne

Zuwa ga Mai girma Direktan kwalejinmu ta horar da malamai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina yi maka barka da kama aiki. Na san cikin sauye-sauyen wannan gwamnati ta riƙon ƙwarya aka kawo ka, ba kai ka ɗaura wannan ƙulli ba, iske shi ka yi. Sunan kwalejin ma ban sa ba, don ba tozarta ta na zo yi ba.

Sunana Lawali Abdu, ɗalibi a shekarar ƙarshe, daga wani ƙauye na yankin Gazawa, dab da iyaka. Na yi shekaru ina koyarwa a matsayin ɗan kontaragi kafin in ajiye alli in koma benci, don in sami takardar da za ta sa a ɗauke ni cikakken malami. Ina da mata da 'ya'ya. Na rubuto a fili ne saboda na yi zarya a buronku, wato ofishinku, har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Jarrabawar ƙarshe ta matso, na'urarku kuma ta ba da kujera ɗaya ga mutum biyu. Ni ne ɗaya. Ɗayan shi ma Lawali Abdu, ɗan yankin Gidan Rumji. Ga yadda abin yake, iyakar abin da na gane, kuma wallahi ba duka na gane ba.

1. Bara komai a takarda ake yi. Ajina daban, nasa daban, na dai ji ana cewa ina da takwara, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙasar da kusan kowane gida akwai Lawali. Bana aka kawo ordinatoci, wato kwamfutoci, aka tara mu aka ce daga yau darasi, da maki, da wurin da za a tura kowa, duk a intanet za a gani. Aka ba kowa suna da kod na shiga. Muka yi tafi. Ni ma na tafa har hannuna ya yi zafi.

2. Da lokacin sitaj ya zo, wato koyarwar gwaji da ake tura mu lakol-lakol, makarantun firamare ke nan, muna hutu a gida. Ƙauyenmu babu kuran, wutar lantarki nake nufi, rezon waya ma, wato sabis, na ƙetare muke kamawa idan iska ta ga dama. Na hau kabu-kabu zuwa Gazawa, na shiga mota zuwa Agiye, na biya a gidan intanet, na ga an tura ni wata lakol ta karkara a nan yankin Agiye. Ranar da na isa da tabarmata da buhun garina, sai na iske wani saurayi dogo zaune gaban direktan lakol, riƙe da takarda irin tawa. Suna ɗaya, lamba ɗaya, lakol ɗaya. Direktan ya dubi takardun nan biyu, ya dube mu, ya ce shi mutum ɗaya aka ce masa zai zo, amma tunda malamai ba su ishe shi ba, Allah ya ƙaro irin wannan kuskure. Ya ba ni 'yan aji ɗaya, ya ba takwara 'yan aji uku, ya haɗa mu ɗaki guda.

3. Sai maganar kod. An ce mana kowa ya sauya nasa ya ɓoye, kada ya faɗa wa kowa ko da matarsa. Na sauya. Da takwara ya je gari ya gwada shiga, aka hana shi, ya je buro aka ba shi sabo. Da na je ni kuma aka hana ni, na je buro aka ba ni sabo. Haka muka yi ta rufe wa juna ƙofa ba mu sani ba, kowa yana zargin kansa da mantuwa, har na fara tunanin ko tsufa ne ya kama ni. Sai da muka zauna muna cin tuwo a kwano ɗaya muka gano ashe ɗaki ɗaya aka ba mu a cikin na'urar ma. Yanzu kod ɗin namu ne mu biyu, kamar butar alwala.

4. Maki kuwa, ranka ya daɗe, nan ne kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Mai duba koyarwa ya zo ajina ya ba ni maki, na gan shi a na'ura, na yi murna. Wani ya zo ajin takwara ya ba shi nasa, nawa ya ɓace, nasa ya hau. A lissafi ni ne gwani, a Faransanci shi ya fi ni nesa ba kusa ba. To wannan Lawali Abdu na cikin na'ura wani lokaci ya iya lissafi, wani lokaci ya manta, gwargwadon malamin da ya shigar da maki a ƙarshe. Akwai ranar da nake kwance da zazzaɓi, na'ura ta ce na zo. Akwai ranar da na wuni a aji har muryata ta dushe, na'ura ta ce ban zo ba, don takwara ya tafi jana'izar kawunsa. Ban san ko in yi godiya ba ko in kai ƙara.

5. Da muka je buro mu biyu, ƙafa da ƙafa, sakatare ya yi mana bayani, kuma ban ga laifinsa ba. Ni da takwara duk a gida aka haife mu, ba a asibiti ba. Kamar yawancin 'yan karkara, sai da za a sa mu lakol aka nemo mana takardar alƙali, wadda ba ta faɗin rana ko wata, sai dai ta ce an haifi wane wajajen shekara kaza. Ni hannuna aka ɗora bisa kaina aka ga ya taɓa kunne, aka yanka mini shekaru. Shi kuma tsawonsa aka duba aka ƙara masa. Sai shekarar ta zo ɗaya, alhali na girme shi sosai. Uwata ta ce da kaka ta haife ni, ana cikin yankan gero. Tasa ta ce da damina. Na'ura ba ta san kaka ba, rana take so da wata, don haka duk mai irin takardarmu aka sa masa ɗaya ga Janairu. Da ta ga suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai ta ɗauka an rubuta mutum sau biyu, ta gyara abinta.

Muka ce to a raba mu mana. Sakatare ya ce ba shi da ikon taɓa wurin, sai wanda ya ɗora tsarin. Wanda ya ɗora tsarin yana Yamai, kuma aikinsa ya ƙare tun da aka sauya tsohon direkta. Aka ce mu aika masa saƙo ta intanet. Muka sake biyan mota, muka aika. Amsa ta zo cikin ladabi, cewa an duba, Lawali Abdu yana nan cikin na'ura, babu wata matsala.

Abin da na kasa fahimta shi ne, malamanmu sun san mu biyu ne. Mai dafa abinci ta san mu biyu ne, faranti biyu take zubawa. Masu rajistar zaɓen da ake ta shiri, waɗanda ba su taɓa ganinmu ba, sun rubuta shi a garinsu, sun rubuta ni a namu. Amma duk wanda na tsaya gabansa a kwaleji sai ya bar fuskata ya juya ga gilashin na'ura, ya ce a nan dai mutum ɗaya ne. Yaushe aka yanke cewa ita ake tambaya ba mu ba? Ni ban ji ranar da aka yi wannan sanarwa ba.

6. Makon jiya takardar kiran jarrabawa ta fito, guda ɗaya, da lambar tebur ɗaya. Wani a buro, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya ba mu shawara mu sasanta tsakaninmu, ɗaya ya zauna bana, ɗaya ya jira baɗi. A hanyarmu ta komawa da muka kusa tasha, takwara ya ce mini da Gobirancinsa: "Yaya, kai ad da ɗiya, ni ko ba ni da kowa sai tsohuwa. Tahi ka zamna, ni na jira baɗi." Ranka ya daɗe, na ji kunya, na ji haushi. Yaron nan shi ne na farko a zuri'arsu da ya kai wannan matsayi, kuma na ga yadda 'yan ajinsa suke rige-rigen ɗaukar masa jaka.

Kuma ko na amince, wace baɗi zai jira? Idan na zauna na ci, na'ura za ta rubuta cewa Lawali Abdu ya gama, ya karɓi takardarsa. Baɗi in ya zo, za ta ce masa ai ka riga ka fita. Ni kuma in riƙe takardar da rabin makinta guminsa ne, in tsaya gaban yara ina koya musu gaskiya. Na juya maganar ta kowane gefe, ban ga inda take da kai ba.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kaɗan. A raba mu a cikin na'ura, kowa da lambarsa. Idan hakan ba zai yiwu kafin jarrabawa ba, ka sa hannu da alƙalaminka a ba mu tebur biyu, a gyara na'ura daga baya. A nemi malamai su fito da takardun da muka rubuta da hannunmu, a mayar wa kowa makinsa, ko da nawa na Faransanci zai sauko, na yarda. Sannan a duba sauran ɗalibai, don mu 'yan ɗaya ga Janairu muna da yawa a kwalejin nan, ban yi zaton mu kaɗai abin ya faɗa wa ba. Ba na ƙin na'ura. Darussan da na samu a cikinta sun amfane ni, kuma ina so 'ya'yana su iya ta fiye da ni.

Na faɗa wa takwara ban karɓi kyautarsa ba. Ranar jarrabawa tare za mu zo, da takardar nan guda ɗaya, shi ya riƙe gefe ni in riƙe gefe, mu tsaya a bakin ƙofa. Ba za mu yi hayaniya ba, ba za mu ture kowa ba. Idan har lokacin tebur ɗaya ne, ina roƙon kada a bar wa mai tsaron ƙofa wannan aiki. Ka fito da kanka, ka dube mu, ka nuna wanda babu shi, sai ya koma gida ya faɗa wa uwarsa.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka gama lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya a wannan lokaci da ake shirin mayar da mulki ga farar hula.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Lawali Abdu na Gazawa