Kada Ka Ba Su Gonar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina fatan kana lafiya, da Asabe da yara. Ya zaman Fatakwal? Mu nan Kura alhamdulillahi.

Jiya mai unguwa ya kawo wasu masu manyan riguna, suna auna gonar Baba ta bakin kanal ɗin ban ruwa, wai jami'a za a gina. Na ce musu, "Wadda ake da ita fa? 'Yata wata da watanni tana gida tana tsinkar tumatir saboda yajin aiki!" Suka ci gaba da awonsu.

Gwamnatin da ta kasa biyan malamai ce za ta gina sabuwa? Kuma ga tudu fili guda, sai inda ruwa yake? Shinkafa wani yake son nomawa. Za su neme ka, kada ka amince.

A sa mu a addu'a. Gai da Goggo.

Ƙanwarka,
Binta