Motar Isyaku Ba Ta Shan Mai

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yau ƙanena Isyaku ya zo daga Kano da sabuwar mota. Ban ji shigowarsa ba. Ina gyara wayoyin mutane a kan benci sai na ga inuwa a ƙofar shago. Mota ce ja, doguwar ƙafa, ba ƙara ba hayaƙi, kamar mai bin bashi.

Ta lantarki ce. Ya ce, "Yaya, wannan ba ta shan mai, caji ake mata kamar wayoyin nan naka." Na ce to bar ta nan, naira ɗari ne, ka dawo da la'asar. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa iya haƙora ta tsaya.

Shi ya gama makaranta, ni na tsaya a aji biyu na sakandare. Ga sakamako a bakin titi: tasa tana ƙyalli, tawa tsohuwar motar, Hajiya Mai Tari, tana gefe da dutse a ƙarƙashin taya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Saura kwana goma bikin 'yata Badiyya. Garin Doguwa za a kai ta. Isyaku ne waliyyi, kamar yadda aka saba, uba ya koma gefe ya yi kamar ba 'yarsa ba ce. Na yarda da wannan. Amma tun tana firamare nake ce mata motata ce za ta kai ta ɗakinta. Ni ba zan je ba, ai ko motata ta wakilce ni.

Yau na ji ta a tsakar gida tana ce wa uwarta Maijidda, "Umma, kujerar motar Baffa har sanyi take hurawa ta baya." Maijidda ta ce mata, "Yi a hankali, babanki na ɗaki."

Ina ɗakin kuwa. Na ƙara ƙarar rediyo.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan masallaci Isyaku ya tara mutane yana bayani. Wai wutar da ta kawo shi daga Kano zuwa Dangora ba ta kai kuɗin tsire da shayi ba. Babu canjin baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Idan ya saki totur a gangara, wai har mayar da wuta take cikin batir. Na ce tawa ma a gangara ba ta cin komai, kashe ta nake yi.

Na tambaye shi, to ina aibinta? Ya ce idan ka taka ta sosai, ka kunna sanyi, ka yi mata lodi, cajin zuba yake kamar tulu mai ɓula. Na riƙe wannan maganar. Allah Ya yafe mini, har daɗi na ji.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na kai Hajiya Mai Tari wurin makaniki. Ya leƙa lagireto ya ce, "Wada, iyakarta garin Tudun Wada. Bayan nan sai addu'a." Na ce ai amarya da addu'a ake kai ta.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Matan jere sun tafi Doguwa a motar Isyaku. Motar ɗan'uwa a makon biki ta dangi ce, ba ka isa ka ce wa gwaggonninka a'a ba. Sun cika ta da kwanuka da labule da buhun shinkafa, Gwaggo Suwaiba a gaba tana cewa, "Isyaku ƙaro sanyin nan, kuma ka yi sauri, da rana muke son dawowa." Ya ƙaro, ya yi saurin.

Sun dawo cajin yana kan ja. Transifoman garinmu kuwa tun azumi ya ƙone.

Na ci tuwo malmala uku.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An ɗaura aure lafiya. Gobe kai amarya.

Da hantsi an jawo janaretan mai niƙa aka jona wa motar. Ta yi ƙyaf-ƙyaf ta ƙi karɓa. Wai wutar tana rawa. Mota har da ƙyanƙyami. Ragowar cajin ba zai mayar da ita Kano ba, balle Doguwa.

Sai ga Isyaku a shago, ya cire hula yana fifita da ita. Ya kalli solar da ke kan rufina da inbata da batura. Na bar shi ya daɗe a tsaye. A ƙarshe ya ce, "Yaya, taka ce kawai wuta mai kyau a garin nan. Amma sai an cire komai, har firij."

Na ce, "Injiniya, ai Hajiya tana nan, na zuba mata mai."

Ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya mayar da hularsa ya tafi. Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa da na fi jin daɗi.

Na je na tayar da Hajiya don in ji lafiyarta. Ta tashi a bugu na uku, ta yi tari, allurar zafi ta fara hawa tun ba mu bar ƙofar gida ba. Na zauna a ciki ina hango ta a tsakiyar dajin Falgore, bonet a buɗe, Badiyya cikin lulluɓi a bakin titi, ƙawaye suna neman ruwa a jarka. Wurin nan ba wurin tsayawa ba ne. Kuma duk Doguwa za su san motar uban amarya ce.

Na dawo na zare wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya. Uba mai shayi ya ce, "Wada, tawa ko rabi ba ta yi ba." Na ce yau babbar waya ce ta zo. Na kashe firij, ruwan leda da zoɓon da na tanada don 'yan biki suka koma ruwan wanka. Na aika a ce wa Isyaku ya kawo abarsa.

A hankali take sha, kamar mara lafiya da koko.

Asabar, 19 ga Afrilu

Tun fitowar rana na hau rufi na goge sola da rigata. Girgije ɗaya ya gifta, na yi masa faɗa.

Da azahar Isyaku ya duba ya ce zai kai su, idan ba a gudu kuma ba a kunna sanyi. A can zai kwana ya nemi caji. Na ce wa Gwaggo Suwaiba ta ɗauki mafici. Ta ce, "Ɗan nema, wannan hassadarka ce." Rabin maganarta gaskiya ce.

An kawo Badiyya ta yi mini sallama. Ta durƙusa tana kuka. Na yi mata nasihar da aka saba. Sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, Baffa ya ce da wutarka za mu tafi." Na ce tashi, rana na yi.

Motar ta tafi ba ƙara. Da Hajiya ce da na ji ta har kwanar titi.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Sun isa lafiya. Ban tambayi nawa ya rage ba. Maijidda na sa ta tambaya.

Lahadi, 4 ga Mayu

Isyaku ya zo, ya ce ko zai ɗan jona. Da can minti kaɗan yake yi, ya gaishe ni a tsaye ya wuce. Yau dole ya zauna tun hantsi har la'asar. Mun ci gyaɗa, mun yi gardamar wanda ya fasa tulun Inna muna yara. Har yanzu shi ne.

Da ya tafi na kira Lado mai wayarin na ce ya saka mini soket mai kauri a waje, ta gefen inuwar darbejiya. Ya ce, "Na motar Injiniya ne?" Na ce na firij ne.

Ya ce firij ai yana ciki.

Na ce masa ya yi aikinsa.